Tsohuwar Soyayya da Alƙalamin Malam Aƙilu

  Jama'a masu sauraro, daga unguwar Fezzan nake tafe, nan tsakiyar Yerwa, wato Maiduguri, kuma zancen yau na ma'abota alƙalami ne, musamman ƙannenmu maza da mata da suke raba dare suna tsara baitoci a wayar hannu.

Duk mai leƙa abin da matasanmu suke rubutawa a Facebook da zaurukan WhatsApp ya san jigon da ya fi yawa a waƙoƙinsu. Rabuwa ce. Wadda aka yi shekaru ana zance da ita, rana ɗaya sai ga katin ɗaurin aurenta da wani. Wanda ya rantse zai turo magabatansa bayan salla, sallar ta wuce, wata ta zo, shiru kake ji. Wasu daga cikin yaran nan sukan tare ni a majalisa bayan Isha'i, su miƙo mini waya su ce, "Yaya, a duba mini wannan." Nakan duba, kuma wallahi akwai fasaha a garin nan. Abin da yake damuna shi ne yadda waƙar takan fara da hawaye, amma kafin a kai baiti na huɗu ta rikiɗe ta koma tonon silili. An kira yarinya mayaudariya, an kira ta mai kwaɗayin abin duniya, an saka harafin farko na sunanta, an ambaci unguwarsu da makarantar da ta yi, har wani ya haɗa da hoton hirar da suka yi a waya lokacin da ake dasawa. Abokai kuma suna ƙasa suna zuga shi, wai ya burge.

Kafin in ce komai a kan wannan, bari mu yi wa yaran nan adalci. Rabuwa ta yi yawa a garinmu, kuma akasarinta ba laifin kowa ba ne a cikin masoyan biyu.

Mu mutanen Fezzan dama can jikokin matafiya ne. Sunan unguwar daga ƙasar Fezzan ta kudancin Libiya ya taso, inda fatake suke ketowa ta Murzuk da Bilma su sauke kaya a Borno. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi kansa a can yankin aka haife shi. Da aka kafa Yerwa a 1907, Shehu Garbai ya tare a nan, 'yan kasuwa suka biyo fada suka yi unguwa, Hausawa irin kakana suka zo suka zauna a cikinsu. Sallama da bankwana ba baƙin abu ba ne a gidajenmu. Amma irin bankwanan da muka gani daga 2009 zuwa sama, kakanninmu ba su san shi ba, domin mafi yawansa ma ba a samu damar yin sa ba.

Wanda ya yi samartaka a nan kafin rikicin da ya soma a 2009 ya san yadda zance yake. Bayan Magariba ka yi wanka, ka ɗora hular zanna, ka isa ƙofar gida ka kira yaro ka ce, "Shiga ka ce ana sallama da wance." Ka tsaya kana jiran abin da Allah zai yi. Can sai yaron ya fito da tabarma da kofin ruwa, ka san an karɓi sallamarka. Ƙamshin turaren wuta da humra shi yake riga ta fitowa, sannan ita ta biyo baya a naɗe cikin lafaya, ƙanwarta na biye, ta zauna can gefen tabarma tana wasa da yatsunta. Rabin hirar gaisuwa ce: ya su Mama, ya jikin Kaka, ya karatu. Sauran rabin kuwa ido ne yake yin sa. A watan Yulin 2011 aka hana hawa babur a cikin gari, saurayin da budurwarsa take Bulunkutu ko Gwange ya koma neman Keke Napep ko ya taka da ƙafa. Dokar hana fita ta zo ta cinye daidai lokacin da ake zance. Sannan a watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, mutum ya wayi gari bai da hanyar jin muryar wanda yake so ko da lungu uku ne tsakaninsu.

Ni ma ina cikin wannan lissafi. Akwai wadda nake nema a lokacin, iyaye sun san da maganar, ana jiran in kammala abin da nake yi a sa rana. Cikin kwanakin da babu waya ɗin nan mahaifinta ya yanke shawarar kwashe iyalinsa ya bar gari, kamar yadda dubban magidanta suka yi, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Na zo na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyarsu, wata dattijuwa, ita ta leƙo ta ce mini, "Ɗana, ai sun tafi tun da asuba, sai haƙuri." Da layi ya dawo lambarta ba ta shiga. Daga baya labarin aurenta ya iso ni ta bakin mutane. Ba ta cuce ni ba, ban cuce ta ba. Allah ne bai ƙaddara ba, matar mutum kabarinsa.

Amma zuciya ba ta karɓar wannan bayani a ranar farko. Tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, kuma wanda ya fi kusa shi ne wanda ya tafi. A cikin wannan hali na ɗauki biro, kuma a nan ne mutumin da nake son yi muku maganarsa ya shigo, wato Alhaji Aƙilu Aliyu, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ƙannena da yawa sun san sunansa ne kawai daga jarrabawar Hausa. An haife shi a Jega a 1918, ya yi karatun allo da na ilimi a Kano, sannan ya yo gabas neman ƙari, kamar yadda almajiran ƙasar Hausa suka saba tun fil azal. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne, a nan Maiduguri ya yi zaman fiye da shekara 20, yana karantarwa, kafin ya koma Kano inda ya rasu a 1999. Wato ƙuruciyarsa ta waƙa, shekarun da harshen mawaƙi yake nuna, a ƙarƙashin darbejiyar garin nan ya yi su, yana jin Kanuri da Larabcin Shuwa a kasuwa kamar yadda muke ji. Ɗan NEPU ne na gaske, ya yi wa jam'iyyar waƙoƙi a zamanin da yin hakan yakan kai mutum gaban alƙali. Farfesa Dalhatu Muhammad ya tattara wasu waƙoƙinsa a littafin Fasaha Aƙiliya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1977, kuma a kan fasahar Malam ɗin ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Landan. Jami'ar Bayero ta ba shi digirin girmamawa. Mutumin da bai bi ta ajin boko ba, ga shi 'yan boko suna samun digiri da nazarin abin da ya rubuta.

A gidanmu akwai kwafin littafin nan, na mahaifina ne, bangonsa ya sha gam da salatif. Baba ya san muryar Malam tun daga rediyo, don haka ba ya karanta waƙoƙin da ido kawai, rerawa yake yi, yana buga yatsa a gwiwa. Tun ina yaro na san cewa waƙa abu ce mai awo, kuma in ɗango ya yi tsawo ko ya gaza, kunne zai kama shi kafin hankali ya gane dalili.

To, ga abin da wannan awo ya yi mini. Na zaɓi in yi ƙwar biyu, kowane baiti ya ƙare da amsa-amon "ya". Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san dalilin da ya sa masu koyo suke son wannan amsa-amo: kalmominsa suna da yawa, zuciya, duniya, tafiya, gaskiya, kunya, hanya. Na yi baitin buɗewa da sunan Allah da salati, na yi na biyu, na zo na uku inda zan faɗi abin da ya faru. Kalmar da ta fara faɗo mini ita ce wadda yaranmu suke yawan amfani da ita, mayaudariya. Ta hau karin daram, babu gyara. Mai rubutun zube da ya wuce abinsa. Amma na tashi a kan waƙoƙin mutumin da ba ya yarda da kalmar farko da ta zo masa. In ka karanta Malam Aƙilu za ka ga yana juya abu guda ta fuska biyar, yana ɗauko kalma daga Sakkwatanci, wata daga bakin maƙera ko majema, wata daga Larabci, har sai ka nemi dattijo ko ƙamus. Mai irin wannan rumbu ba ya barin amsa-amo ya ja shi ya faɗi abin da ba haka yake ba. Sai na ajiye baitin a buɗe, na ci gaba da neman kalmar da za ta hau kari kuma ta zama gaskiya. Neman ya ɗauke ni kwanaki. Ina tafiya masallaci ina auna gaɓoɓi, ina cin tuwo ina auna gaɓoɓi. Kafin in samu abin da nake so, zafin da ya sa na ɗauki biron ya sauka, na soma ganin al'amarin yadda yake: yarinya ce da mahaifinta ya ce ta shiga mota, ta shiga.

Matan Borno sun san ba a zuba turare a kan harshen wuta. In ka yi haka ƙonewa zai yi, ɗaki ya cika da ƙauri. Sai an bari garwashi ya kwanta, toka ta ɗan lulluɓe shi, sannan a barbaɗa, ƙamshi ya tashi a hankali ya kama tufa. Kari da amsa-amo su ne suke tilasta wa mai waƙa ya jira garwashinsa ya kwanta. Wayar hannu kuwa ba ta san jira ba. Ka rubuta da ƙarfe biyun dare, ka danna, kafin asuba mutum ɗari sun gani, ciki har da ƙanin mijinta.

Abu na biyu da na ɗauka a wurinsa ya fi na farko nauyi a wajena. Al'adar rubutacciyar waƙar Hausa ce mawaƙi ya faɗi sunansa a marufi, wani ya haɗa da na mahaifinsa da garinsu, kuma Malam Aƙilu ya riƙe wannan al'ada. Bayan haka yakan rera waƙar da bakinsa a rediyo, kowa ya ji. Babu sunan aro, babu hoton fure a madadin fuska. Abin da ya faɗa ya tsaya a kai, ko da zai jawo masa fushin masu mulki. Daga nan na samo ma'aunin da nake auna duk abin da na rubuta a kan wadda ta tafi. Nakan tambayi kaina: zan iya saka sunana da na mahaifina a ƙarshen wannan, in rera shi a wannan tashar rediyo, alhali tana zaune a tsakar gidanta, mijinta na gefe, surukarta na kan tabarma, 'ya'yanta suna wasa, kuma babu wanda zai sunkuyar da kai a cikinsu? In amsar a'a ce, baitin ba zai fita daga littafina ba, komai daɗinsa.

Ku lura, 'yan'uwa, mai alƙalami yana da ƙarfin da wadda yake magana a kanta ba ta da shi. Shi zai tsara labarin yadda yake so, ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai binne, ya yi masa ado da karin magana har mai sauraro ya ce wallahi an zalunci bawan Allah. Ita kuwa ba za ta fito ta mayar da martani ba. Kunya ba za ta bar ta ba, aure ba zai bar ta ba. Alƙalin da zai saurari ɓangare ɗaya ya yanke hukunci, kowa ya san sunansa a garin nan. Abin da ta faɗa maka a kan tabarmar zance, na gidansu, na rashin lafiyar mahaifiyarta, na tsoron da take ji, amana ta ba ka a lokacin da take ganin kai ne mijin. Fasa auren bai sauke maka amanar ba.

Akwai kuma abin da ya faru da waƙar tawa wanda ban shirya ba, kuma shi ma daga Malam ya zo. Shi mawaƙin jama'a ne. In ya ɗauki ilimi, kamar a Kadaura Babbar Inuwa, al'umma yake kira. In ya ɗauki harshe, kamar a Hausa Mai Ban Haushi, yana faɗa ne da masu raina abin da suka tsotsa a nono. Ko da abu ya taɓa shi shi kaɗai, sai ya buɗa shi har kowa ya samu wurin zama a ciki. Da na cire zargi daga waƙata, sai wuri ya samu, abubuwan da idona ya gani suka shigo: kwaɗon nan na ƙofa, lungun da yara suka daina wasan dare a cikinsa, Tashar Kano cike da katifu da tukwane a ɗaure a saman motoci, tsoho yana waiwayen gari ta tagar bas. Ranar da na fara rera ta a majalisa, wani abokinmu ya tashi ya koma gefe yana share ido. Shi ba budurwa ya rasa ba, wansa ne ya fita a shekarun nan bai dawo ba har yau. Da na cika waƙar da laifin yarinya guda, da babu abin da zai same shi a ciki.

Yanzu bari in faɗi inda na saɓa da gwanina, domin son mutum ba ya hana a gaya masa gaskiya, ko da yana kabari. Cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara akwai 'Yar Gagara, wadda ya yi a kan karuwa. Ta fuskar fasaha, samun irinta sai an tona. Ya zuba zambo iya zambo, suna a kan suna, siffa a kan siffa, har mai sauraro ya rasa numfashi. Amma duk lokacin da na karanta ta sai in ji nauyin ya yi wa macen yawa. Ban ga yadda za a yi wannan sana'a da mutum ɗaya ba, kuma mu da muka ga abin da gudun hijira da yunwa suka jefa 'yan mata a ciki a wannan gari, ba za mu iya kallon irin wannan mace da idon da aka kalle ta a wancan zamani ba. Wannan ra'ayina ne, wani malamin zai ce waƙar wa'azi ce, kuma wa'azi dama da zafi yake zuwa. Na yarda da rabin maganarsa. Abin da nake so ƙannena su gane shi ne, ko a nan inda Malam ya fi zafi, ɗabi'a ya sa a gaba. Ba ya nuna ƙofar gidan wata ya ce ga ta nan. Yaranmu kuwa sun ari kaifin harshensa sun juya shi a kan yarinya sananniya, 'yar gidan mutunci, wadda laifinta kawai ba ta aure su ba.

Na san akwai masu saurarona, musamman iyayenmu, da za su ce, to me ya kawo waƙar tsohuwar budurwa tun farko? Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A bar abin da ya wuce ya wuce. Ina girmama wannan magana, amma zauren karatunmu bai goyi bayanta gaba ɗaya ba. Duk almajirin da ya kai ga karatun lugga a Borno ko Kano ko Zariya ya bi ta kan waƙoƙin jahiliyya, kuma ƙasidar Imru'ul Ƙaisi da tsayuwa a kufan masoyiya ta buɗe. Wanda ya fi wannan ƙarfi a hujja shi ne Ka'abu ɗan Zuhairu. Ya zo Madina neman afuwa, ya tsaya a gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rera ƙasidar da aka sani da Banat Su'adu. Da me ya fara? Da tafiyar Su'adu da halin da zuciyarsa ta shiga. Har ƙorafi ya yi cewa ba ta cika alkawari. Ba a katse shi ba, ƙarshe ma mayafi aka lulluɓa masa. Ashe tuna wanda aka rabu da shi ba abin kunya ba ne, ƙorafi ma yana da wuri. Amma har yau malamai suna saɓani a kan ko wace ce Su'adu, matarsa ce ko suna ne irin wanda mawaƙan Larabawa suka saba sakawa. Ya faɗi ciwonsa, bai ba kowa kwatancen gidanta ba. Ku kwatanta da Ƙaisu, wanda aka fi sani da Majnunu Laila. Yadda ruwayar ta zo, yawan ambaton sunanta a waƙa har ya bazu cikin ƙabilu shi ne ya sa mahaifinta ya hana shi aurenta. Shi ya samu suna har yau, ita kuwa aka aurar da ita ga wani tana ɗauke da surutun mutane.

A namu ɓangaren ma, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi marsiyya ga mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, ta faɗi kewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Matanmu na wannan zamani kuma, tun daga Hajiya Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980 zuwa Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da waɗanda suka biyo su, sun rubuta abin da mata suke fuskanta, sun canza sunaye, sun mayar da shi labari, kuma ya yi aiki fiye da zagi. Wannan magana tawa ta haɗa da ƙannena mata. Ke ma da kike rubuta wa wanda ya yaudare ki, kina da ikon faɗin zafin da kika ji, kuma in zalunci ne na gaske, akwai iyaye, akwai mai unguwa, akwai kotu. Amma sirrin da ya ba ki na talaucin gidansu ba kayan waƙa ba ne.

Saura mutum ɗaya da ake mantawa da shi a wannan zance, kuma shi ya fi kowa haƙƙi. Ita ce matar da take cikin gidanka yanzu, wadda aka yi wushe-wushe aka kawo maka, take tashi da asuba ta ɗora maka ruwa. Magidancin da zai zauna yana rera kewar wata a gaban duniya, har matarsa ta ji a ranta cewa ita maneji aka yi da ita, ya ci amana biyu a baiti ɗaya. Haka kuma wadda ta tafi matar wani ce yanzu. Waƙar da za ta sa ta waiwayo, ta soma auna mijinta da kai, ta shiga cikin abin da shari'a ta yi hani mai tsanani a kansa, wato ɓata tsakanin mace da mijinta. Masu cewa tsohuwar zuma da ita ake magani su yi hattara da wannan. Ni dai tawa waƙar, mai ɗakina ce ta fara jin ta bayan aurenmu, kafin in sake rera ta a ko'ina. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in maimaita mata wurin Tashar Kano, domin su ma ta nan suka bi a shekarar, suka yi zaman Bauchi kafin su dawo. Baitocin ƙarshe addu'a ce ga duk wanda ya bar gari, Allah ya ba shi zaman lafiya a inda yake, ta ce amin tare da ni.

Ga masu son gwadawa, shawarata mai sauƙi ce. Ku koyi kari. Ku nemi waƙoƙin Malam Aƙilu, da na Sa'adu Zungur, da Mu'azu Haɗeja, da Imfirajin Aliyu Namangi, ku rera su da baki har awon ya zauna muku a kunne. Ba na raina waƙar da ba ta da amsa-amo, akwai masu yin ta da kyau. Amma wanda zuciyarsa take tafasa ya fi kowa bukatar abin da zai riƙe masa hannu. Ku rubuta a takarda tukuna, ku bar ta ta kwana, ku karanta wa wani babba wanda ya san ku ya kuma san ta.

Wannan ya kawo ni ga wani roƙo. A ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu, ya shiga gidajen da ba su taɓa ganin ambaliya ba. An yi asarar rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan rayuka da dukiya, an yi asarar takardu da ba za a taɓa lissafawa ba: wasiƙu, hotunan aure, littattafan marubuta matasa, da rubuce-rubucen ajami da aka gada daga kakanni. Kwafin Fasaha Aƙiliya na mahaifina yana cikin abin da ya jiƙe ya manne, ba a iya buɗe shi. Abin da ya rage mini shi ne abin da na haddace daga bakin Baba. Na zagaya wajen masu sayar da littattafai ban dace da wani ba.

Ina kira ga masu buga littafi su sake fito da shi, a farashin da ɗalibi zai iya saya. Ina kira ga gidajen rediyon Kaduna da Kano da namu na nan Borno su duba ɗakunan ajiyarsu, duk faifan da yake ɗauke da muryar Malam a mayar da shi na zamani kafin ya lalace, domin wanda bai ji yadda yake rerawa ba rabin waƙar ya sani. Malamanmu na Sashen Harsuna a Jami'ar Maiduguri kuma, ga aiki a ƙofar gida. Shekarun da Aƙilu Aliyu ya yi a garin nan sun cancanci a bi su unguwa-unguwa, a san inda ya zauna, da wa ya yi karatu, su wa ya karantar, waɗanne waƙoƙi ya rubuta a nan. Waɗanda suka zauna a gabansa suna yara yanzu dattawa ne masu furfura, kuma kullum raguwa suke yi. In akwai mai saurarona a Fezzan, ko Hausari, ko Shehuri, ko Mafoni, wanda ya yi karatu a wurinsa, ko mahaifinsa ya bar masa wata takarda da rubutun hannun Malam, don Allah ya aiko mana da saƙo nan tasha, za mu zo har gida da na'urar ɗaukar magana.